Direban Da Ke Ajiye Takardunku: Yadda Ake Bitar Aikinsa, Da Abin Da Ya Gagare Shi A Kasuwannin Fagge

Babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a sayar da memori da filash ba a Titin Beirut da ke Fagge, ko kuwa a shagunan kayan lantarki na Titin Faransa cikin Sabon Gari. Memori ɗan abu ne da bai wuce farce ba, filash kuwa bai kai ɗan yatsa tsawo ba, amma a cikinsu ne ɗalibin jami'a yake zuba rubutun bincikensa na ƙarshen karatu, akawu yake kwafe jerin sunayen ma'aikata da matakan albashinsu, ɗan kasuwar Kantin Kwari kuma yake riƙe da lissafin bashin da yake bi. Haka nan da wuya mako ya wuce ba a ga wanda ya komo da kayan da ya saya yana ƙorafi ba. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne kullum: sunayen takardu suna nan a jere amma ba sa buɗuwa, ko kuwa na'urar ta ce sai an yi fomatin, watau sai an share kome an soma daga farko.

Amsar da mai shago yakan bayar ita ce, "Yallaɓai, bairos ne ya shiga." Wani lokaci gaskiyarsa ce, domin filashin da ya zaga shagunan buga takardu biyar a yini guda ba ya rasa kwaso wani abu. Amma sau da yawa maganar ta wuce nan. Tsakanin kwamfuta ko waya da abin da aka soka mata akwai wani rubutaccen umarni da masu gyara suke kira direba, kuma shi ne mai yanke shawarar inda kowane harafi zai kwana. Mutane ne suka rubuta shi, waɗansu mutanen kuma suka duba, kuma lafiyar takardun jama'a tana rataye ne a kan wannan dubawa.

Tebur uku a ofis guda

Ko da yake sunansa direba, aikinsa ya fi kama da na tafinta. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kamar Windows a shagunan buga takardu, ko Linux wadda ita ce ƙashin bayan kowace wayar Android, ba ta jin yaren dubban kayayyakin ajiya da kamfanoni daban daban suke ƙerawa. Direba ne ke karɓar buƙatarta ya juya ta zuwa harshen da kayan ke ji, ya kuma dawo mata da amsa.

Ma'aikacin gwamnati zai fi saurin gane tsarin, domin bai bambanta da tafiyar fayil a ma'aikata ba. Kowace ma'ajiya an yanka ta ne gurbi gurbi, kowane gurbi da lambarsa, kuma bisa al'ada kowanne yana ɗaukar bait 512. Bait guda shi ne wurin harafin boko guda, ko da yake haruffanmu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kowannensu yakan ci biyu. Memori mai gig 32 yana da irin waɗannan gurabe sama da miliyan 60. A tebur na farko akwai mai rajista, wanda ya san cewa takarda kaza tana zaune a gurabe kaza da kaza. A na biyu akwai mai tsara layi, wanda ke tara buƙatun rubutu da na karatu, ya haɗe waɗanda ke maƙwabtaka da juna domin a rage zirga-zirga. A na uku kuwa sai masinjan da ke magana da kayan kai tsaye ta ramin USB ko ramin memori. Dukkansu ukun rubutun umarni ne, kuma kuskuren ɗaya yana isa ya ɓata aikin sauran.

Abin da ya sa wannan sashe ya fi sauran haɗari shi ne kuskurensa ba ya da ƙara. In direban hoto ya yi kuskure, fuskar kwamfuta za ta yi baƙi, kowa ya gani nan take. In na ajiya ya rubuta abu a gurbin da ba nasa ba, na'ura za ta ci gaba da aiki lafiya lau, sai bayan wata biyu ko uku, ranar da aka zo neman takardar, sa'an nan a tarar ta lalace, har ma da kwafin da aka ɗauka daga gare ta a tsakani.

Yadda faci ke bin tebura

Rubutun direbobin Windows a rufe yake a hannun kamfanoni, na Linux kuwa a buɗe yake ga duk mai son karantawa, shi ya sa a can ne ake iya ganin yadda bitar ke gudana. Wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya soma Linux a shekarar 1991. A farkon 2025 rubutun zuciyarta ya haura layi miliyan 40, kuma fiye da rabinsa direbobi ne.

Duk wani gyara da za a yi, babba ko ƙarami, faci ake ce masa, kamar dai facin taya. Ƙa'idar ita ce kowane faci ya yi aiki guda ɗaya tak, ya zo da bayanin matsalar da yake magancewa da dalilin da ya sa aka bi wannan hanya, sa'an nan mai shi ya sa hannu da sunansa. Tun shekarar 2004 aka kafa wannan doka ta sa hannu. Daga nan sai facin ya tafi wurin mai kula da sashen, a bainar jama'a, inda duk wanda ya san aikin zai iya yankan layi guda ya ce nan akwai gyara. Wanda ya karanta ya gamsu, shi ma sunansa yakan shiga ƙarƙashin facin, ta yadda ko bayan shekara goma abin ya ɓaci, an san wanda ya rubuta da wanda ya ce ya duba. Jens Axboe ɗan ƙasar Denmak ya shafe shekaru da dama yana kula da teburin tsara layi, Alan Stern na Amurka da direban filash na USB, Ulf Hansson na Suwidin kuma da na memori. Bayan kowane mako tara ko goma ake fitar da sabon bugu: mako biyu na karɓar sababbin abubuwa, sauran kuwa na gwaji da toshe ɓaraka.

Masu wannan aiki ba su da kunya wajen mayar da fayil, ko da daga babban kamfani ya fito. A watan Agusta na 2020 kamfanin Paragon ya kawo kyautar direba mai iya karantawa da rubutawa a kan NTFS, watau tsarin rajistar da Windows ke amfani da shi a faifan kwamfuta. Abu ne da aka daɗe ana nema. Amma sai kamfanin ya turo shi dunƙule guda, layi wajen 27,000. Maimakon godiya, tambayar da ya fara samu ita ce ta yaya ake sa ran wani mahaluƙi zai iya karanta wannan tuli. Tilas aka yanka shi gunduwa-gunduwa, aka yi ta mayarwa ana gyarawa fiye da sau 20, kuma bai samu shiga ba sai a bugu na 5.15 wanda ya fito a ƙarshen Oktoba na 2021. An kuma nemi kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da kula da abin da ya kawo. Wannan sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi, domin duk wanda ya taɓa ganin injin da aka kawo ma'aikata da biki aka bar shi ba mai gyara ya san ƙarshen irin wannan kyauta.

Labarin da ya fi shafar mai sayen memori a Titin Beirut shi ne na exFAT. Bisa ƙa'idar masu ƙera memori, duk wanda ya haura gig 32 da wannan tsarin rajista yake zuwa. Mallakar Microsoft ne, kuma shekara da shekaru ba a iya shigar da direbansa cikin Linux ba saboda haƙƙin mallaka. Ran 28 ga watan Agusta na 2019 kamfanin ya wallafa bayanin tsarin ya kuma ba da izini. Nan da nan aka ɗauko wani tsohon direba da ya samo asali daga kamfanin Samsung, amma da yake rubutunsa bai kai mizani ba, sai aka ajiye shi a wani sashe na musamman da aka keɓe wa direbobin da ke jiran tsabtacewa. Bai daɗe a can ba. A bugu na 5.7, cikin shekarar 2020, aka cire shi ɗungum aka maye gurbinsa da wani sabo wanda injiniyoyin Samsung suka kawo, wanda ya bi ta hannun masu bita tun daga ƙofa.

Abin da mai bita ke nema

Rubuta umarnin da zai yi aiki sa'ad da kome ke tafiya daidai ba shi da wuya, ɗalibin shekara ta biyu ma zai iya. Idon mai bita yana kan ranar da abu ya ƙi ne. In kayan sun ce sun cika fa? In sun yi shiru ba amsa, har tsawon wane lokaci za a jira? In buƙatu biyu suka iso gurbi ɗaya a lokaci guda, wa zai riga? In aka zare filash ana tsakiyar rubutu, shin direban zai lura, ko kuwa zai ci gaba da magana da wanda ya riga ya tashi?

Sai kuma tambayar da ta fi kowace dacewa da Kano, watau in aka ɗauke wuta. Domin a yi sauri, na'ura ba ta kai kowane rubutu cikin ma'ajiya nan take. Takan sauke shi a zaure tukuna, watau a ƙwaƙwalwar wucin gadi wadda ke mance kome da zarar wuta ta yanke, ta kuma shaida wa mai aiki cewa an gama. Akwai wani umarni na musamman da direba ke aikawa yana cewa a kwashe duk abin da ke zaure a shigar cikin gida, kada kuma a amsa sai an tabbatar. In aka manta wannan umarni a wuri guda, ko aka aika shi a makare, to rajista za ta iya nuna cewa takarda tana gurbi kaza alhali takardar ba ta taɓa isa can ba. A shagon da ke sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta sau da yawa a yini, kuma kwamfutar tebur ba ta da batirin riƙo, kowane sauyi jarrabawa ce ga wannan layi guda. NTFS da ext4 na Linux suna da wani kundi da suke rubuta niyyarsu a ciki kafin su taɓa rajista, saboda haka in wuta ta dawo suna iya gane inda aka tsaya. FAT32 da exFAT, waɗanda akasarin filash da memori ke zuwa da su, ba su da wannan kundi. Dalili ke nan da ya sa zare filash ana cikin kwafi ya fi yin ɓarna fiye da yadda ake zato.

Ban da idon mutum, akwai injuna. Tun wajen shekarar 2017 wani injin gwaji na kamfanin Google mai suna syzbot yake yini yana kwana yana ɗura wa Linux shirme da gangan, har da lalatattun rajistoci da kayan USB na ƙarya, domin a ga inda za ta faɗi. Wanda ya san irin filashin da ke yawo tsakanin shagunan Sabon Gari zai ce injin bai yi ƙari ba.

Duk da haka abu yakan wuce. Bayan fitowar bugu na 4.19 a watan Oktoba na 2018, mutane suka soma kawo kukan cewa takardunsu suna lalacewa. Kowa ya ɗora wa ext4 laifi, tun da a nan ɓarnar ke bayyana. Aka yi makonni ana lalube, domin matsalar ba ta faruwa a kowace na'ura. Daga bisani aka bi hanyar raba biyu: a ɗauki dubban facin da suka shiga, a gwada rabi, a ga ko cutar na ciki, a sake raba wannan rabin, har a tsaya a kan guda. Sai ga shi laifin na teburin tsara layi ne. In an shirya buƙata aka rubuta mata takardar rakiya, sai masinja ya ce hannunsa a cike yake, akan mayar da ita layi, a can kuma sai a ƙara mata kaya ba tare da an sake takardar rakiyar ba. A farkon Disamba Jens Axboe ya fitar da maganin. Haka kuma a Disamba na 2023 masu haɗa Debian, ɗaya daga cikin manyan nau'o'in Linux, suka tsayar da sabon bugunsu na 12.3 a ranar da aka sa za a fitar da shi, domin an gano cewa an ɗauko wani faci daga sabuwar Linux aka liƙa wa tsohuwa ba tare da ɗan'uwansa da yake dogara a kansa ba. Kowane facin lafiyarsa ƙalau a inda aka rubuta shi. Rabuwar ce ta jawo ɓarna, kuma ba wanda ya lura sai da abin ya fita.

Mai kuskure da maƙaryaci

A cikin direban filash na USB akwai wani dogon jeri na kayayyakin da aka san suna da hali na daban, kowanne da lambarsa da irin lallashin da yake buƙata. Misali mafi shahara a ciki shi ne na ƙidaya. Lambar gurabe daga sifiri take farawa, saboda haka ma'ajiya mai gurbi 100, na ƙarshenta shi ne na 99. Ƙa'ida ta ce in direba ya tambayi girma, a gaya masa lambar gurbin ƙarshe, shi kuma ya ƙara ɗaya. Waɗansu masu ƙera kaya sai suka sa nasu yana amsawa da jimilla. Direba ya ji 100, ya ƙara ɗaya, ya ɗauka gurabe 101 ne, ya je ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da babu shi, kayan kuma su sandare. Maganin shi ne a sa sunan kayan a jeri, duk sa'ad da aka gan su a rage ɗaya. Ga waɗansu kuma har wata dabara aka ƙara: in jimillar ta fito mara, a rage ɗaya, tun da kusan kowace ma'ajiya adadin gurabenta cika ne.

Wannan duka maganin mai kuskure ne. Akwai kuma maƙaryaci, kuma shi ne ya fi cutar masu saye a kasuwanninmu. A cikin kowane filash ko memori akwai ɗan guntun da ke amsa tambayoyin direba. 'Yan jabu sukan ɗauki mai gig 8 su sake wa guntun umarni ya riƙa cewa shi mai 128 ne, su buga haka a jikin kwali. Kwamfuta za ta nuna 128, mai shago ya juyo da fuskarta ya ce, "Ga shi nan, Malam, ka gani da idonka." Mai yiwuwa shi kansa bai san jabu aka sayar masa a katan ba. Muddin abin da aka zuba bai wuce gig 8 ba, kome lafiya. Da zarar an haura, sai guntun ya riƙa karɓar rubutu yana cewa ya ajiye, alhali ko dai zubarwa yake yi, ko kuwa ya zagayo yana taka abin da ke ciki tun farko. Rajista tana nan da sunaye, gurabe kuwa wayam.

Babu yawan bitar da za ta warkar da wannan, domin direba ba shi da wata hanyar sanin girma sai ta bakin kayan. Hanyar kama ƙaryar ita ce a rubuta wa ma'ajiyar abu sananne a ko'ina, sa'an nan a karanto a gwada da abin da aka rubuta. Akwai manhajoji na kyauta da ke yin haka: H2testw a kan Windows, wadda mujallar kwamfuta ta Jamus mai suna c't ta fitar, da F3 a kan Linux. Gwajin yana cin lokaci, wani lokaci sa'o'i, kuma a kan sabon kaya ya kamata a yi shi kafin a zuba wani abu. Ɗalibi zai iya neman a rubuta masa girman da ranar saye a kan rasit, da sharaɗin mayarwa in gwaji ya nuna saɓani. Abin mamaki shi ne jami'in sito wanda ba zai karɓi rim ɗin takarda ba sai ya ƙirga, shi ne zai sa hannu a kan katan na filash bisa abin da aka buga a kwali. Gwada biyu ko uku daga kowane katan bai fi ƙarfin kowace ma'aikata ba.

Game da mai kuskure kuwa, masu gyara na Fagge da Sabon Gari suna da abin da injiniyoyin Turai ba su da shi, watau kayan da kansu. Jerin nan na Linux daga rahoton jama'a aka gina shi, kuma a saman shigarwa da yawa an rubuta sunan wanda ya kawo rahoton. Abin da ake nema ba shi da yawa. Kowane kayan USB yana da lambobi biyu da yake faɗa da zarar an soka shi, ɗaya ta kamfani, ɗaya ta samfuri, kowace mai alama huɗu. Sai a haɗa su da bayanan da Linux ta rubuta a littafinta na aiki sa'ad da kayan suka sandare, da lambar bugun da ake amfani da shi, a aika wa mai kula da sashen, wanda adireshinsa ke cikin wani fayil da ke tafe da rubutun Linux ɗin kansa. Yakan dawo da faci na 'yan layuka ya ce a gwada a kan kayan, a sanar da shi sakamako. In ya yi, sai ya shiga bugu na gaba, daga nan kuma akan mayar da shi kan tsofaffin bugun da ake ci gaba da kula da su, waɗanda masu ƙera wayoyin Android suke ɗiba daga cikinsu.